Gonar da Ofosu Ya Tsallake

Faɗa mafi muni da na yi da ƙanena Ofosu a kan gonata ce ta koko. Ni mai gonar ina cewa a sare, shi yana cewa a'a.

Lokacin ne ciwon kumburin reshe ya shigo mana ƙasar Akim. Reshe ya kumbura, ganye ya yi ja, kafin ka ankara bishiya ta bushe a tsaye. Gwamnatin Turawa ta ce ba magani sai gatari, ta ɗebi samari aikin sara. Ofosu ya samu shiga, aka ba shi gajeren wandon kaki da gwangwanin fenti. Shi ke gaba yana shafa wa bishiyoyi alama, masu gatari na biye. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa, sai ga dattawa suna sauke zane daga kafaɗa don girmamawa in za su yi masa magana.

Ya shafa wa gonar tsoho Darko. Ya shafa wa ta Dokua, maƙwabciyarmu da ta goye shi yana jariri. Da ya iso kan iyakata, wai sai fenti ya ƙare. Alhali bishiyoyina sun fi na kowa kumburi.

Na same shi yana cin sakwara, na janye kwanon, na ce gobe ya koma da gwangwaninsa. Ya ce 'ya'yana su ne magadansa, tunda a al'adarmu ɗan 'yar'uwa ke gado, ba zai sare abincinsu da hannunsa ba.

"Yaya, asiri fa na rufa miki."

"A tsakiyar fili ake rufa asiri? Duk wanda ya bi hanya, gonata kaɗai yake gani a tsaye, sakarai kawai."

Bai koma ba. Shekarar da aka fasa kantunan Turawa a Ankara aka dakatar da sara, ya cire kakinsa. Na ɗauki adda na kwantar da bishiyoyin da kaina, amma an makara. Ciwon ya riga ya tsallaka cikin sabon dashen da Dokua ta yi da tsufanta.

Ba wanda ya zage mu. Da zagi ne, ai a garin nan ba a fi ni baki ba. A jana'izar tsoho Darko na shiga layin gaisuwa, mata suka riƙa wuce hannuna kamar itace na miƙa musu. A rafi in na iso sai hira ta mutu.

Ofosu ba mugu ba ne, tausayinsa ne ba ya gani nesa. Ya yi shekaru yana shiga gonakin mutane yana nome musu ciyawa ba wanda ya sa shi. Suka bar shi ya yi, ko sannu babu. A hanya kansa na ƙasa, sai ka ce allura ya yar.

Da aka buɗe sabon daji don noman koko can Sefwi, ya ɗaure tabarmarsa. A bakin mota ya ce in kwaso yara mu tafi tare, can ba wanda ya san mu.

Na gyara masa ɗaurin kayansa, don ko wannan bai taɓa iyawa ba. Na ce, "Kai dai je ka, Ofosu. Ni a nan zan zauna in yi ta gaishe su har ranar da za su amsa."