Ganyen da Iya Ta Hana a Ƙona

Kafin a buɗe ƙofar ƙaramin asibitin unguwarmu, Iya mai shara ta riga ta zagaye harabar da tsintsiyarta. Leda gefe guda, kwalabe gefe guda. Ganyen da bishiyoyi suka zubar kuwa, a buhu take ɗura shi, ta ja shi zuwa bayan ɗakin magani. Shekara ashirin da biyu ke nan, ba ta taɓa ƙyasta wa ganye ashana ba.

Bayan ɗakin nan babu ƙasar kirki, sai ɓaraguzan gini da tsakuwa. Iya ta ce in ƙasa ta ƙi, sai a ɗora mata wata a bisa. Takan shimfiɗa busassun rassa, ta jibga ganye, ta yayyafa ruwa, ta tattake, ta zuba kashin awaki, ta ƙara ganye, har tudun ya kai mata ƙugu. Sannan ta rufe da ƙasa. A kansa alayyafo da kuɓewa da kabewa suke fitowa. Ungozomar asibitin ta shaida mini cewa ba mai jegon da take fita ba ƙunshin kayan miya a hannun mai jinyarta, kuma Iya ba ta tsayawa ma a gode mata.

Ni haya nake yi da babur, sana'ata ta huɗu tun da na bar makaranta. Wata rana na sauke fasinja, na gan ta tana nishi da buhu.

"Iya, tsinken ashana ɗaya ya raba ki da wannan wahala."

"Ɗan nan, kai komai da gudu! Miyar baɗi kake so in cinna wa wuta? Kawo hannunka."

Ta cusa hannuna cikin tarin ganyen. Na ji ɗumi har gwiwar hannu.

"Ka ji? Dahuwa yake yi, kuma ba ya son gaggawa."

Ke ce, Iya, mai yin gona inda babu gona. Ke ce kika tsayar da ni wuri ɗaya, abin da malamai suka kasa.

Amma yau hankalina ba a kwance yake ba. Ƙarshen watan nan Iya za ta ajiye aiki, ciwon baya ya ci ƙarfinta. Tsohon tudun ya lotsa, sabon da ta soma kuwa bai wuce gwiwa ba. Shugaban asibitin ya ce shi bai ƙi lambu ba, amma in ta tafi ta bar tarin ganye ba shuka, juji ne, kwashewa za a yi. Ga damina a bakin ƙofa. In ruwan farko ya sauka ba a rufe tudun da ƙasa ba, kwata ce za ta sha ganyen.

Na tambaye ta buhun ganye nawa ya rage tudun ya cika. Ta dubi sama kafin ta dube ni.

"Talatin. Bishiyoyin nan kuma sun gama zubarwa."

Shekaranjiya maigadin asibitin, wanda ya shekara yana kiranta uwar akuyoyi saboda tara ganye, ya jawo ni ɗakinsa. Buhu huɗu ne a bayan ƙofa, daga gidansa ya taro.

"Ka kai mata, ka ce kai ka samo. In ta ji ni ne, na shiga uku da gori."

Saura ashirin da shida.

Mun gode, Iya. Allah ya ba ki lafiyar bayan da kika ƙarar a kanmu, ya sa ki tsinki alayyafon wannan tudu da hannunki.

Ku kuma maƙwabta, yau da yamma gabas ta yi baƙi ƙirin. Gobe in kun share ƙofar gida, ku mayar da ashanar aljihu. Ku ɗura ganyen a buhu, ku tsayar da ni a bakin titi. Fasinja ya jira.