Gem Ɗin Da Abokina Ya Bari A Shagonsa

Akwai wata Laraba a cikin watan Agusta da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Allah. Shekaru sun wuce, na yi aure har da 'ya'ya, amma duk ranar da na tuna ta sai tsikar jikina ta tashi kamar yanzu abin yake faruwa.

A lokacin ina taya yayana harkar kabeji da karas a kasuwar Farin Gada da ke Jos. Da an gama lodin manyan motoci, sai in wanke hannu in nufi shagon wani abokina mai gyaran waya da kwamfuta a bakin titi. Kirista ne ɗan asalin Filato, a unguwar Rikkos yake zaune, siririn mutum mai yawan dariya. A ƙuryar shagon ya ajiye talabijin da na'urar gem, wato wasan bidiyo, a nan muke buga wani gem na jarumi mai tashi sama, wanda ake fitarwa kashi-kashi. Kowane sabon kashi ya fi na baya duhu: birni cikin hayaƙi, jarumi kullum jina-jina, ana ta kashe masa na kusa da shi.

Sai ji-ta-ji-ta ta ɓulla a intanet wai kashi na gaba zai koma irin gem ɗin zamanin da, mai launuka masu haske, da 'yan ƙananan mutane masu kusurwa-kusurwa, da kiɗan nan tin-tin-tin na yarintarmu. Ba wanda ya san gaskiyar maganar, amma muka shafe makonni muna musu a kai. Kowa a majalisarmu ya ce idan aka yi haka an kashe gem ɗin. Abokin nan nawa kaɗai ya ce abin da yake jira ke nan.

Na fi kowa zaƙewa. Na ce masa, "Haba mutumina, da girmanka? Wannan ai na 'yan firamare ne."

Ya ce, "Oga, ni na gaji da ganin mutum yana mutuwa kaɗan-kaɗan. Ina so in kunna abu in ji sanyi a zuciya."

Na ce, "To a haɗa maka da alewa."

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya ɗan dara, sannan ya sunkuya ya ci gaba da kwance wayar da ke gabansa. Na ga ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ya shiga sosai, na gani da idona, amma hankalina yana kan cin musu.

Ba a jima ba shagon ya fara zama a rufe. Aka ce ya tafi ƙauye. Sau biyu na tura masa saƙon tsokana, ya mayar mini da alamar dariya kawai. Wata safiya ina cikin ciniki wani ɗan majalisarmu ya dafa kafaɗata ya ce abokin namu mai shago ya rasu, ciwon ƙoda ne. Ashe ba ƙauye ya je ba, asibiti yake ta zarya.

Bayan mako biyu da binne shi, yayarsa ta kira ni. Malamar makaranta ce, mace mai natsuwa. Ta ce in zo in taya ta kwashe kayan shago, tunda ni na san abin da ke da amfani a ciki. Na je ranar Larabar nan bayan azahar. Tun safe ake yayyafi, gari ya yi luf, sanyi na shiga ƙashi, ga hazon damina ya sauko har ba ka ganin tsallaken titi sosai. Babu wuta, sai ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa. Muna ta zuba tsofaffin wayoyi a kwali.

Kwatsam aka kawo wuta. Wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin tebur ta yi ƙara, talabijin ya haska da kansa, sai ga kiɗa, tin-tin-tin, ya cika shagon. Yayar ta saki kwalin hannunta ta ce, "Yesu!" Ni kuwa innalillahi kawai nake maimaitawa.

Abin da ke kan allon ya fi kiɗan ba ni tsoro. Farin Gada ce, an zana ta da 'yan kusurwoyi masu launi: ga manyan motoci, ga buhunan kabeji kore shar, sama shuɗiya tas babu gajimare. Kusa da wani tulin karas akwai ɗan mutum da hula da jar riga irin wadda nake yawan sawa. Sai jarumin nan ya sauko daga sama, ƙarami, yana murmushi, ya tsaya a gabansa. Rubutu ya fito a ƙasa: "Oga, ka zo?"

Na juya na dubi ƙofa. Wallahi sai da na duba.

Yayar ta ce, "Ka zauna. Ina ji kai yake kira."

Hannayen gem biyu ne a kan tebur, waɗanda ake riƙewa ana dannawa. Na ɗauki ɗaya, ɗan mai jar riga ya motsa. Ɗaya hannun yana ajiye, ƙura a kansa, ba wanda ya taɓa shi, amma jarumin ya fara tafiya, yana waiwaye kamar yana cewa biyo ni. Har yadda yake tsalle sau biyu kafin ya tashi sama, haka abokina yake yi duk lokacin da muke bugawa.

Na bi shi. Babu abokin gaba ko ɗaya a gem ɗin. Muka taya masu lodi ɗora buhuna, muka tsallakar da wata tsohuwa kwata, muka ture motar da ta maƙale a taɓo. A tsakiyar hanya idanuna suka cika da ƙwalla, na daina dannawa. Jarumin ya yi nisa, sai ya tsaya. Ya juyo, ya dawo a hankali ya tsaya daf da ni, ya jira. Na ɗauki lokaci ban motsa ba, shi ma bai motsa ba. Ba ka jin komai sai kiɗan da ɗigar ruwa a kan kwano.

Daga ƙarshe ya kai ni kan wani dutse irin namu na Jos. Ya zauna, garin duka a ƙasanmu cikin rana. Rubutu ya sake fitowa: "Ka gani? Ba sai an kashe kowa ba." Daga nan ban sake iya motsa komai a gem ɗin ba. Ɗan mai jar riga ya sauko shi kaɗai, jarumin yana can sama yana ɗaga hannu.

Yayar ta share hawaye ta ce tun watanni da suka wuce likita ya gaya wa ƙanen nata gaskiya. Ya hana a faɗa wa kowa. Duk ranar da ya dawo daga wankin ƙoda, in ya ɗan sami ƙarfi, sai ya ce a kawo shi shago ya rufe ƙofa, wai yana haɗa wa wani mai taurin kai amsa.

Daga baya wani ɗalibi mai karatun kwamfuta ya ce mini ba abin mamaki ba ne, ana iya naɗar wasan mutum a sa shi ya maimaita, ana iya saita kwamfuta ta tashi idan wuta ta zo. Na yarda da shi. Amma ban taɓa gaya masa zancen tsayawar nan da jiran ba, don ba na so a yi mini bayaninsa.

Abin da na koya shi ne, idan mutum ya kafe a kan ƙaramar magana, ba lallai ita ce ke damunsa ba. Tun daga ranar, in na ga wani nawa ya nace a kan abin da na raina, nakan haɗiye dariyata, in ja shi gefe in ce, "Lafiya kuwa? Gaya mini." Tambaya ce ta minti ɗaya, kuma na san abin da rashin yin ta yake ja wa mutum.