Gawar Bitrus da Aka Bari Aka Ƙona

Bana shekara shida da rasuwar abokina Bitrus, kuma har yau in na sauka Guangzhou saro kaya sai raina ya ɓaci. Ba na jayayya da mutuwa, ta Allah ce. Abin da mutanenmu suka yi bayanta ne ya tsaya mini a wuya.

Bitrus Bahaushe ne Kirista daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Karatu ya kawo shi Sin, da ya gama ya kama aiki a wani gidan abinci mai sayar da giyar Turai. Ni Musulmi ne, ban taɓa kai ta bakina ba, shi ma bai taɓa miƙo mini ba. Shayi yake dafa mini, in zauna har ya tashi aiki ya raka ni kasuwar Shiling sayen jakunkuna.

A wannan zaman jira na ji tarihin abin da yake zubawa. Ya ce a Beljiyam sufayen Kirista, masu killace kansu don ibada, su ke dafa ta tun kaka da kakanni, suna ciyar da kansu da baƙinsu da abin da ta kawo. Akwai mai duhu, akwai mai launin zuma wadda ta fi ƙarfi, akwai sassauƙa da sufayen ke sha da abinci. A kofi mai faɗin baki ake ba da ita, ba a sanyaya ta sosai, kuma a hankali ake zubawa a bar abin da ya kwanta a gindin kwalba. "Haka Inna take yi da burkutu," in ji shi, "ba ta ba baƙo na ƙasan tukunya." Da zai ga samarin yau suna kafa kai a kwalba mai ƙanƙara, na san sai ya girgiza kai.

Ciwon zuciya ne ya kayar da shi a bakin aiki. Aka ce mana in ba a samu masu tsayawa a mayar da gawar gida ba, ƙona ta za a yi, kamar yadda aka saba a nan. Matarsa Rahila ta kira ni daga gida tana kuka. "Malam Nasiru, ku rufa mana asiri, kada a ƙona shi."

Na tafi wurin dattijon da 'yan kasuwarmu ke ji da maganarsa. Ya saurare ni, sannan ya ce, "Mai sayar da giya? Me za mu ce wa mutane?"

Ba wanda ya ce su yi masa sallah. Hannu kawai aka nema su sa. Dattijon nan, lokacin da aka riƙe kwantenarsa a tashar jiragen ruwa ta Nansha, Bitrus ne ya bar aikinsa ya bi shi ofis-ofis yana masa tafinta, kuma dattijon bai tambayi sana'ar Bitrus a ranar ba. Cikin waɗanda ke zaune wurin dattijon suna gyaɗa kai har da wani da na sha gani da idona a teburin lungu na gidan abincin, kofin nan a gabansa. Bitrus ya mutu bai taɓa ambatar sunansa ba.

Ni da laoban ɗinsa, wato Basiniyar da yake wa aiki, muka yi ta faɗi-tashi har wa'adin da aka ba mu ya cika, ƙarfinmu bai kai ba. Aka ƙona shi. Ni na ɗauko tokar a ƙaramin akwati na kai wa Rahila. Ta karɓa da hannu biyu, ta tambaye ni ko mutanensa sun raka shi. Na ce mu biyu ne.

Bai bar kabari a nan ba, bai bar shago ba. Abin da ya bari yana bakin mutane. Ka shiga kasuwar Shisanhang yau ka ji Bakano ko Bamaraɗe yana ciniki da Sinanci, yana lanƙwasa harshe yana neman ragi; da yawansu Bitrus ne ya zaunar da su ya koya musu kalma-kalma, kyauta. Da harshensa suke cin abinci. Shekaranjiya na tambayi ɗaya daga cikinsu wa ya koya masa. Ya ce ya manta.