Alhaji Isufu Ya Tsaya Ranar da Ƙasa Ta Girgiza

Labari ya same ni yau da safe ina zaune da kofin koko a hannu. Talabijin ta ce an yi girgizar ƙasa jiya da yamma a cikin teku, daura da arewacin California, kuma garuruwan bakin ruwa sun ji ta sosai. Da aka ambaci sunan garin sai da kofin ya kuɓuce mini.

Garin da Alhaji Isufu yake ke nan.

Na yi ta buga waya ba a ɗauka ba. Tsufa ya mantar da ni cewa su can ko asuba ba ta yi ba. Na zauna ina salati, ina jiran mugun labari.

Jama'ar wannan zaure, ku kwantar da hankalinku. Yana nan da ransa. Yau yabo na zo yi, ba ta'aziyya ba.

Sababbin zuwa Greensboro, garinmu na nan Amurka, ba su san shi ba. Mutumin Damagaram ne, ni kuwa Bakano, kun ga abokin wasana ne tun kaka da kakanni. Ranar da muka fara haɗuwa a masallaci ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Har nan ma kun biyo mu? To ɗauko mini takalmana, bawa."

Da Hajiyata ta rasu, 'ya'ya suka koma garuruwan aikinsu, shi ne bai bar ni ba. Kowace Juma'a zai zo da tsohuwar motarsa, wadda yake kira mato, ya yi ta danna ham har maƙwabta su leƙo. Daga masallaci mu wuce gidansa a McLeansville, ya hura gawayi a bayan gida, ya dafa shayi irin nasu. Yakan ɗaga buta sama har kusa da kafaɗa, ya tsiyaya cikin ɗan mitsitsin kofi, ɗigo ɗaya ba zai faɗi ƙasa ba.

A nan muke musu. Ni na yi makaranta tun zamanin da ake koya mana labarin ƙasa da bulala a gefe, na ce masa ɓawon duniya a tsattsage yake, in ya goga da juna sai ƙasa ta motsa. Shi ya ce, "Kai Hedimasta, bar ƙarya. Duniya a kan ƙahon sa take, in ya gaji ya juya ta ɗaya ƙahon." Ya san ba haka ba ne. Don ya ga na fusata yake faɗa.

Sai ciwon karkarwa ya kama shi. Daga hannun dama ya fara, ya gangara ƙafafu. Ya ajiye tuƙi. Wata rana shayi ya zube masa a riga gaban baƙi, bai ƙara kunna gawayi ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ita ce ranar da 'yarsa Hadiza ta zo tafiya da shi California, inda take aure. Ana loda kaya ya jawo ni gefe, ya danƙa mini ƙaramar butar shayinsa, shuɗiya, duk ta yi baƙi a gindi.

Ya ce, "Riƙe, Bakano. Hannun nan ya yi ritaya."

Tun ranar tana kan teburina. Ban iya dafa komai da ita ba. Kallonta kawai nake yi, wani lokacin in yi mata magana.

Watan jiya ya kira ni murya ƙasa-ƙasa. Ya yi ƙoƙarin ɗaukar ruwan zafi ya kife masa, saura kaɗan ya taɓa jikarsa mai rarrafe. Hadiza ta hana shi shiga kicin. Ita da mijinta suna wuni wurin aiki, har sun je sun duba wani gidan tsofaffi. Ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne, na sani. Amma ya ce mini, "Hedimasta, ranar da suka kai ni can, ka tara mutane ku yi mini salla. Ba sai kun jira gawa ba."

Ni ma irin gidan tsofaffin nan nake gani a mafarki.

Da hantsi ya ɗaga yau sai ga wayar Hadiza. Tana dariya tana kuka, Turanci na tsere wa Hausa a bakinta. Na ce, "'Yata, bi a hankali, kunnena ɗaya ne ke aiki."

Ga yadda aka yi. Tana suyar fanke, kasko cike da mai a kan wuta, yarinya na wasa kusa da ƙafarta. Sai aka ji wani gurnani daga ƙasa, gida ya soma lilo. Kofuna suka yi ta zubowa daga kantar kicin. Hadiza a Greensboro ta girma, inda ƙasa ba ta san wannan wasa ba. Ƙafafunta suka kwashe, ta faɗi, ta rungume 'yarta. Tana kwance tana kallon kaskon yana tafiya kaɗan-kaɗan zuwa bakin murhu, daidai kansu.

Sai ta ga babanta a ƙofar kicin.

Ta ce ya buɗa ƙafafu, ya ɗan durƙusa, hannu ɗaya a bango, yana tahowa irin tafiyar da yake yi kullum daga ɗaki zuwa bayi. Ya isa, ya kashe gas, ya kifa murfi a kan kaskon, ya cire hularsa ya kama mariƙin da ita, ya danne da hannu biyu har ƙasa ta lafa. Mai ya ɗan fantsar masa a wuyan hannu. Shi ke nan raunin da aka samu a gidan.

Da komai ya tsaya ya dubi 'yarsa a ƙasa ya ce, "To, kin ɗanɗana? Ni haka nake kwana, haka nake tashi."

Masana sun ce matsakaiciya ce, ba ta rushe gidaje ba, teku ma bai yi ambaliya ba. Alhamdu lillahi. Amma ko ƙaramar girgiza ta isa ta kifar da kasko.

Wuta ta ɗauke a unguwar, maƙwabta suka fito waje. Alhaji ya sa aka kawo masa gawayi da tukunyar ruwa, ya zauna a kan tabarma ya haɗa musu shayi. Hadiza ta ce ya zubar da kusan rabi, ba wanda ya damu.

Na tambaye ta, "Maganar gidan can fa?"

Ta ce, "Baba Hedimasta, babu ita. Za mu nemi mai zama da shi da rana. Baba ba ya zuwa ko'ina."

Sai na ji muryarsa daga nesa: "Ba ni ɗan Kanon nan!"

Na ce, "Alhaji, barka da arziki."

Ya ce, "Ka ji sa ya juya ƙaho? Ina ɓawon naka?"

Na ce, "Yau kaɗai na bar maka."

Ya ce, "Ba ni ka bar wa ba, gaskiya ka bar wa. Kuma butata. Aro na ba ka, ba gado ba. Tukunyar Turawan nan ba ta da baki, ba ta kumfa."

Na wanke ta, na naɗe ta a tsohon rawanina. Gobe maƙwabcina zai kai ni gidan waya. Teburin zai yi mini faɗi, amma wallahi ban taɓa jin daɗin rabuwa da abu kamar wannan ba.

Ya Allah, Kai da Ka kafa duwatsu don ƙasa ta natsu, Ka ƙara wa Alhaji Isufu ƙarfi, Ka warkar da ƙunarsa, Ka yi wa Hadiza da mijinta albarka, Ka raya musu 'yarsu. Ka tsare mutanen bakin tekun nan daga abin da ya fi wannan. Mu da muka tsufa a ƙasar wasu, Ka bar mu cikin namu har ranar da za Ka kira mu.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. In da saura, a tuna da Bakanon da ke zaune shi kaɗai a gabashin Greensboro.

Amin.