Kwalin Hotunan Kawu

Da ƙarfe huɗu da kwata na wata Asabar na yi ɓarnar, lokacin da Kawu ya hau keke zuwa unguwar Mokola neman maganin ido. Ina aji biyu a jami'a, kuma ba na iya ganin takardu a hargitse in ƙyale.

Kawu yayan Umma ne. A ƙasarsu mai ɗaukar hoto ne, ba na biki ko na fasfo ba. Masunta yake bi, da maƙera, da matan da ke layin hatsi a shekarar fari. Hotunan layin nan ne suka ɓata wa masu mulki rai, ya tsallako iyaka da kyamara da kwali ɗaya, ya sauka a ɗakin zaurenmu a Sabo. Shekara goma sha tara ke nan. A nan ma ya yi ta ɗaukar hotunan 'yan dako da masu tumatir a kasuwar Shasha, amma waɗannan a leda yake zuba su. Kwalin daban ne.

A bayan kowane hoto ya rubuta shekara da fensir, sai dai duk a cakuɗe suke. Na zazzage su a tabarma, na jera shekara-shekara, na ɗaure kowane kashi da roba, na mayar cikin kwalin. Har ina jin daɗi.

Da ya dawo ya buɗe, ya daɗe yana kallo. "Malama ta yi mana aiki," ya ce, ya mayar da murfi.

Umma ce ta fahimtar da ni, tana ƙulla gyaɗar sayarwa. "Ke da karatunki! Ai ba shekara ya bi ba, hanya ya bi. Na farko ƙofar gidanmu, sai rijiya, sai masallaci, haka har bakin kogi. Kullum bayan la'asar sai ya bi hotunan nan, ya je gida ya dawo. Ni kam tun ina amarya na baro garin, kar ma ki tambaye ni."

Na je na durƙusa. "Kawu, ka yi haƙuri. Ka gaya min jerin, in mayar." Ya kawar da kai. Washegari ma haka. Ina hangensa ta gefen labule, ya baje hotunan, ya ɗaga ɗaya dab da ido, ya ajiye, ya sake ɗauka.

Rana ta biyar na kai masa koko, na tarar ya yi kashi biyu, ƙarami da babba. Na sake tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Ya ɗora hannu a kan ƙaramin. "Daga ƙofar gida na kai har marina, 'yata. Daga nan kuma ban san ko dama ake yi ko hagu ba."