Ɗan Leƙe da Ƙwan da Ke Ci da Rana

Ƙarfe bakwai na safe yake jingine kekensa a bakin layin farko, ya ciro littafi daga jaka, ya maƙale biro a kunne, ya shiga bin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan zagaye. A takarda aikin ba wani abu ba ne: ya buɗe akwatin mita, ya duba lambar wutar da gida ya sha a wata, ya rubuta, ya yi gaba. Matan unguwa ne suka sa masa Ɗan Leƙe saboda yadda yake ɗage yana leƙa akwatin, sunan kuma ya bi shi har gemunsa ya yi fari fat. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa na ce wallahi ba zai tafi shiru ba.

Abin da ya bambanta shi da abokan aikinsa shi ne ba ya rubuta lamba ya wuce. A cikin tsohuwar mita akwai wani ɗan faifai da ke juyawa a bayan gilashi, gwargwadon wutar da ake sha a cikin gida. Sai ya tsaya ya zuba wa faifan nan ido, wani lokaci har ya ɗora tafin hannu a kan akwatin kamar mai duba zazzaɓi. Daga nan yake sanin abin da masu gida ba su faɗa wa kowa ba. Idan aka sallami maigida daga aiki, firji ne ke fara yin shiru, ya koma wurin ajiye kwanuka. Bayansa dutsen guga, sai fanka. Idan aka yi haihuwa, abin dafa ruwa ke tona asiri. Wata rana ya yi wa wani tela barka tun kafin telan ya sanar da maƙwabtansa, matar gida ta ja labule tana salati. Har yau akwai masu rantsuwa cewa mutumin nan ba shi kaɗai yake yawo ba.

Zagayensa yakan fara ne daga unguwar manya, inda bangon gida ya fi masu gidan yawan magana. Akwai wani gida a can da ba ya son zuwa, ko da yake bai taɓa tsallake shi ba. Masu shi sukan yi wata bakwai ba sa ƙasar, amma faifan mitarsa gudu yake kamar zai tsinke. An bar na'urorin sanyaya ɗaki a kunne dare da rana don kada zafi ya ɓata kujerun fata. Idan ya tsaya a gefen ƙofar falo, sanyi ne ke fitowa ta ƙarƙashi yana lasar masa ƙafa. Ta taga yana hango kujerun an lulluɓe su da fararen ƙyallaye, a jere, babu motsi. Labule kaɗai ke kaɗawa a hankali, ba kowa a bayansa.

Maigadin gidan, wanda ke zaune a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa yana fifita da kwali, ya taɓa ce masa, "Malam, gidan nan numfashi yake. Fitilu su kunna kansu, su kashe kansu. Ni fa ko ɗaki ban cika son juya masa baya ba."

"Kai ba a ja maka waya ba ne?"

"Ni? Ai ni ba kujera ba ne."

Suka yi dariya, amma Ɗan Leƙe ya ce dariyar ba ta kai masa ciki ba.

Kafin azahar ya gangaro unguwar da ke bayan kwalbati, inda waya ɗaya ce da ta manya amma shan ya bambanta. A nan akwai wuta a bango, mutane na zaune cikin zafi suna kallon fanka, ba mai taɓa makunni. Takardar ƙarshen wata suke tsoro. A ƙarshen wani lungu akwai gidan wata tsohuwa mai saƙar hula, kowa Inna yake ce mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta tilo tana aure a nesa. Ƙwan lantarki ɗaya ne a gidan gaba ɗaya, a tsakiyar ɗakinta. Takan kunna shi bayan magariba ta ci abinci, ta lalubo carbinta, ta kashe. A shekara goma sha tara bai taɓa ganin faifan mitarta na motsi da rana ba. Lambarta biyu take ƙaruwa a wata, idan ta yi baƙi uku. Yakan tsokane ta, "Inna, mitar nan taki ta fi ki hutawa." Ita kuma ta ce, "Yaro, rubuta abinka ka wuce, rana kyauta ce." Yaron da take faɗa yana da jikoki huɗu.

Ranar da nake son ba ku labari, bara ce, wata Laraba da rana tsaka. Ya buɗe akwatin Inna da ke jikin bangon waje, biro na hannunsa, sai ya ga faifan yana rarrafe. A hankali, a hankali, amma tafiya yake. Ya duba lamba, ya ga ta ƙaru da biyar. Ga rana na dukan ƙeya. Lungun tsit, ko kaza babu. Ya buga ƙofa ya yi sallama sau uku, ba a amsa ba.

Mai wanki da guga na maƙwabta ya leƙo da kumfa a hannu. "Ai Inna ba ta nan. Tun shekaranjiya ta tafi wurin 'yarta, da bakinta ta yi mana sallama."

"Ka ga fitarta?"

"A'a, ta ce sammako za ta yi."

"Ta yi tafiya ta bar wuta a kunne?"

"Mantuwa mana. Tsufa ne."

"Inna za ta manta da takalminta, ba za ta manta da makunni ba."

Mutane suka fara taruwa. Wani ya ce ko ɓeraye ne suka taɓa waya. Wata mata ta ce ita dai jiya ta ji kamar ana ƙwanƙwasa wani abu daga cikin gidan, a hankali, ya tsaya, ya sake, sai ta yi addu'a ta toshe kunne don ta san ba kowa a ciki. Mai shagon bakin layi ya ja shi gefe ya ce, "Malam, ka rufa wa kanka asiri. Saura shekara ɗaya ka ajiye aiki. Ka ɓalle ƙofar mutane, in aka ce wani abu ya ɓace, wa zai tsaya maka?"

Gaskiya mai shago ya faɗa, dokar aikinsa ba ta ba shi ikon wuce akwatin mita ba. Ya tsaya yana kallon ƙofar. Ba kwaɗo a waje. Ya tura, ya ji sakata daga ciki. Sai ya miƙa wa mai shago littafinsa da bironsa ya ce, "Riƙe min. Ku shaida ni na ɓalle." Ya ari taɓaryar maƙwabta, bugu na huɗu sakata ta fita.

A tsakar gida ba abin da ya motsa. Tsintsiya na jingine, buta na gefen rariya. Ƙofar ɗaki a sakaye, wani jan haske mara ƙarfi na fitowa ta tsagar. Ya tura ƙofar, bai san ko mutum zai tarar ba ko gawa.

Tana kwance a ƙasa kusa da jakar tafiyarta, cokali a hannunta, wanda take buga ƙafar gado da shi. Da asuba ta kunna ƙwan don ta haɗa kaya, santsin tabarma ya kwashe ta, ƙugu ya karye. Kwana biyu da yini tana nan, murya ta dushe, leɓe ya tsage. Ya durƙusa yana kiran a kawo ruwa, a nemo mota. Ya ga bakinta na motsi, ya kai kunne, yana zaton 'yarta za ta ambata.

"Yaro," ta ce, "kashe min ƙwan nan."

Ya tashi ya kashe. Sai a lokacin ta lumshe ido ta yarda aka ba ta ruwa. Daga baya a asibiti ta gaya masa cewa ciwon ƙugu daban, kallon ƙwan daban. Makunnin na sama da kanta, taku biyu, ta kasa kaiwa. Duk sanda aka ɗauke wuta sai ta yi hamdala. Idan aka dawo da ita, tana jin unguwa na sowa, ita kuwa gabanta ne ke faɗuwa. Ya ce a bakin gadon nan ya yi kuka, bai ji kunyar kowa ba. Ni ma da ya ba ni labari sai da na kawar da kai.

Likita ya ce da an ƙara yini ɗaya, da sai dai wani zancen. Yau Inna na nan da ranta, tana dogara sanda, tana saƙarta a bakin ƙofa. A ofis kuwa takardar gargaɗi aka ba shi saboda ƙofar da ya ɓalle, ya ninke ta ya sa a aljihu, da kansa kuma ya je ya gyara sakatar.

Ɗan Leƙe, kai ne ka san fitilar da ke ci da rana a gidan mai hali ba labari ba ce, amma a ɗakin talaka ihu ce. Mu da muke kwana bango ɗaya da Inna mun wuce ƙofarta sau nawa a kwana biyun nan, kai da kake zuwa sau ɗaya a wata ka ji ta. Ka san asirin gidaje ɗaruruwa, wanda ya samu da wanda ya rasa, ba ka taɓa kai na wani gidan wani ba. Mun gode, dattijon kirki. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ba ka mai leƙa ka ranar da kake bukata.

An ce sababbin mitoci za a kafa, masu aika lambarsu ofis da kansu, ba wanda zai maye gurbinka. To, aikin ya dawo kanmu ke nan. Kowa ya san tsohon da ke lungunsu da lokacin da yake kashe fitila. Ranar da ka ga ta wuce lokacinta, kada ka ce mantuwa ce, ka je ka buga ƙofa.