Sa Hannu Tamanin da Uku

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran malamin tarihi na kwalejinmu ta horar da malamai, wanda ɗalibai ke kira Baba Jan Biro.

Malam, ni ba ɗalibinka ba ne. Ni ne mai injin fotokwafi na gindin matakala, wanda karatunsa ya tsaya a firamare. Shekara shida kana miƙo mini darasinka da rubutun hannu, kana cewa, "Ɗana, a buga da kyau, ido ya ji daɗi."

Kafin annoba, layi ake yi a ƙofata har a yi faɗa. Da aka buɗe makaranta bayan kulle, gangar jiki ce kawai ta dawo. Ina leƙa ajinka ta taga: kujera ɗari da ashirin, kawuna tara, biyar sun sunkuya kan waya. Ka yi bayani har muryarka ta dushe, sai wani ƙato ya ɗaga hannu daga baya: "Baba, wannan zai fito a jarrabawa?"

Ba zan manta dabararka ba. A shafi na tara na darasin da na buga maka ka rubuta cewa duk wanda ya karanto nan ya zo ofis ya karɓi littafi kyauta. Wata biyu, ko ƙuda bai leƙo ba. Ni da nake haɗa baƙi da ƙyar na gani, na je ina sosa ƙeya. Ka daɗe kana kallona, sannan ka miƙo mini littafin da hannu biyu.

Abin da ya tsaya mini a wuya ya faru ranar Laraba, washegarin ranar da muka binne ka. Shugaban aji ya kawo takardar halartar darasi in buga masa kafin ya kai ofis. Kwanan watan ranar ne a kai, da sa hannu tamanin da uku, yawanci da biro ɗaya.

Na ce, "Wa ya koyar da ku yau?"

Ya ce, "Baba Jan Biro mana. Kai dai buga, mutumina, sauri nake."

Malam, ko labarin rasuwarka ba su ji ba, ga sanarwa manne a ƙofar ajin. Tir! Waɗannan ne gobe za su tsaya gaban 'ya'yanmu da alli. Na mayar masa da takardarsa, na kashe injin.

Littafin yana nan. Ina shafi na arba'in da ɗaya, ina bi da yatsa, kuma zan kai ƙarshe in Allah Ya yarda.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa abin da ka shuka ya tsiro ko a wuri ɗaya ne. Ga Mama, uwargidanka, da 'ya'yanka mata uku, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.